Da Sunan Aminina Na Goge Muryar Yayarsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, manya da yara, Allah ya ƙara mana rufin asiri duniya da lahira. Roƙona na farko, a sakaya sunana. Na biyu, don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin wanda na yanke wa kaina ya fi naku zafi. Ni dattijo ne, furfura ta gama cin gemuna, ba na cikin masu kawo kukansu a waya. Amma abin da ke cina ba zan iya kai shi gaban limamin unguwarmu ba, don ni nake jan salla idan ba ya nan. Duk sunayen da za ku gani a nan na aro ne.

An haife ni a wani gungu, wato tsibiri, a tsakiyar kogin Kwara, kudu da Yelwa, kafin ruwan dam ɗin Kainji ya ci shi. Muna yara aka kwashe mutanenmu aka kai su sababbin gidaje a ɓangaren Ngaski. Ni dai tun kafin tashin an riga an kai ni karatun allo a Yelwa, can na girma, can na yi aure, na koyar da Arabiyya a firamare har na yi ritaya. Sana'ar hannuna kuwa kwafe littattafai ce da Ajami. Malamina, Allah ya jiƙansa, yana da doka guda da yakan maimaita mana har muka gaji da ji. Yakan ce, “Ba a kankare rubutun wani. In ka ga kuskure, ja masa layi siriri yadda zai karantu, ka rubuta gyaranka a gefen shafi, ka sa sunanka. Wataƙila na bayanka ya gane kai ne mai kuskuren.” Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Ina da amini, zan kira shi Bawa. Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a gungu. Yayarsa, Yaya Delu, ita ta goya shi, ita ta goya ni. Bawa ya shiga addinin Kirista tun yana saurayi, ni kuma ga inda na dosa, amma wannan bai taɓa hana mu cin tuwo a kwano ɗaya ba. Shi yana kirana Alaramma, ni ina kiransa Fasto Ba Coci, don bai taɓa hawa mumbari ba, gyaran injin jirgin ruwa yake yi a wata rumfa a bakin ruwa. Duk mai jirgin da injinsa ya yi gardama daga Yelwa har Wara ya san rumfar Bawa. Da kunne yake gane ciwon inji. Kafin mai jirgi ya gama ɗaure igiya ya riga ya faɗa masa abin da ya lalace.

Ɗiyarsa Rahila malamar kwamfuta ce a wata sakandare. Ita ta zo mana da maganar da ta jawo duk wannan. Akwai wani wasan kwamfuta da yara ke yi, wanda ake gina gari a ciki, a yi noma, a tuƙa jirgi. Masu wasan sun bar ƙofa a buɗe, duk mai so yana iya ƙera nasa ƙarin ya liƙa, shi ake ce wa mod. Rahila ta ce tana so ita da abokan aikinta su gina gungunmu a cikin wasan, yadda yake kafin ruwa ya rufe shi, don jikokinmu su shiga su zaga, su ga mashayar bakin kogi, su ga gonakin albasa, su ji ana Gunganci, yarenmu. Ta ce, “Baba Malam, mu muna da hannu, ku kuna da ido. Ku ne kuka ga wurin.” Na ce mata ni da wasa ai sai dai kallo daga nesa. Bawa ya ce, “Rabu da shi, ɗiyata. Ce masa za a sa rubutunsa a bango, yanzu ki ga ya riga mu zuwa.” Kuma haka aka yi. Da ma na koyi buga Ajami a kwamfuta bayan ritaya, sai aka ba ni aikin rubuta sunayen unguwanni da labarin kowane gida. Bawa kuwa, mai hannun ƙira, cikin ɗan lokaci ya iya gini a ciki har ya fi wasu samarin.

Sai na ɗan yi muku bayanin yadda aikin ke tafiya, in ba haka ba ba za ku gane laifina ba. Tunda mutane da yawa ke taɓa abu ɗaya, wani na Yelwa, wani na Shanga, wani na makaranta a wata jiha, Rahila ta buɗe mana ma'ajiya guda a intanet da wani tsari da suke kira Git. Kowa yana da kwafin aikin a kwamfutarsa. In za ka yi sabon abu, sai ka fitar da reshe naka daga uwar aikin, ka yi ta gininka ba tare da ka taɓa na kowa ba. In ka yi wani ci gaba ka adana, ka rubuta ɗan bayanin abin da ka yi, ka tura ma'ajiya. In wani yana son ganin reshenka sai ya jawo shi zuwa tasa kwamfutar. In an gama aka duba aka yarda, sai a haɗe reshen da uwar aiki. Kuma duk abin da aka taɓa, tsarin yana rubuta wane ne ya taɓa da ranar da ya taɓa. Ranar da Rahila ta gama yi mana wannan bayani, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce mata, “Ai wannan dokar malamina ce. Ba a kankare na wani, gyara a gefe, kowa da sunansa.” Ta yi dariya ta ce to ashe malamina ya riga Turawa. Saboda girmamawa, ni da ubanta ta ba mu cikakken izini a ma'ajiyar, irin wanda take da shi. Da ta sani da ba ta ba ni ba.

Yanzu ga abin da na ɓoye wa duniya tun ina saurayi. Kakana na wajen uba ba malami ba ne. Shi ne mai tsafin ruwa na gungunmu. A ƙofar gidanmu akwai wata babbar tsamiya, a gindinta akwai tukwane, can yake zuba giya yana yanka zakara kafin a buɗe kamun kifi na shekara. Mahaifina ne ya fara salla a gidanmu. Da na girma a Yelwa cikin ɗaliban ilimi, kowa na faɗin kakansa malam wane, sai kunya ta kama ni, na ce nawa ma malami ne. Ƙarya ɗaya ce na yi da ƙuruciya, amma ta bi ni har tsufa. Na faɗa wa matata, na faɗa wa 'ya'yana, har jikokina suna alfahari su jikokin malamai ne kaka da kakanni. Tsofaffin da suka san gaskiya sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Bawa ya sani, bai taɓa tona ni ba, ko da wasa. Saboda haka da aka zo gina gidanmu a cikin wasan, na ce a sa zauren karatu a ƙofar gida, da alluna jingine da bango. Ban ambaci tsamiya ba. Bawa ya dube ni ta saman tabarau, ya ci gaba da gininsa.

Bayan haka ne Bawa ya fitar da wani reshe nasa, ya ce kada kowa ya leƙa sai ya gama. Ya yi ta zuwa ƙauye wurin Yaya Delu da wayarsa. Ita ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, kuma har ta bar duniya ba ta bar addinin iyayenta ba. Ita kaɗai ta rage da ta san waƙoƙin gungunmu daga farko har ƙarshe. Na tambaye shi, “Fasto, me kake dafawa ne a ɓoye?” Ya ce, “Alaramma, mai haƙuri shi ka dafa dutse. In ya nuna za ka sha romo.” Da damina ta tsaya Allah ya yi wa Yaya Delu rasuwa. Na je ta'aziyya, na yi kukan da ban yi tsammani ba. A hanyar dawowa cikin jirgi Bawa ya dafa gwiwata ya ce, “Mun gode Allah mun ɗauki muryarta. Tana cikin ma'ajiya, ko wayata ta faɗa ruwa ba komi.” Har ya ce ya share ta daga wayar don wuri ya cika, tunda ga ta a kwamfuta ga ta a ma'ajiya.

Son sani ne ya fara kai ni. Wata safiya bayan na karya kumallo, na jawo reshen Bawa zuwa kwamfutata ba da saninsa ba, na buɗe wasan, na tuƙa ɗan kwalekwalen cikin wasan har mashayarmu, na hau tudu. Jama'a, sai ga tsamiya. Ita ce, har da reshen nan da ya karkata wajen ruwa wanda muke lilo a kai. Ga tukwane a gindinta. Ga zauren karatuna a gefe, bai taɓa shi ba, amma wa zai kalli zaure ga tukwane? Ina matsawa kusa sai murya ta tashi, muryar Yaya Delu, tana rawa saboda tsufa, tana waƙar buɗe ruwa da Gunganci. A baiti na biyu ta kira sunan kakana, ta kira na ubana, ta jero zuriyar gidan. Ban bari ta ƙarasa ba, na rufe kwamfutar kamar wanda ya taɓa wuta. Me ya zo mini a rai? Babban ɗana da ke wa'azi a masallacin unguwa. Surukaina. Ɗalibaina da ke durƙusawa su gaishe ni. Jikata da ta riga ta fara buga wasan tana nuna wa ƙawayenta zauren kakan kakanta. Sai shaiɗan ya kawo mini hujja mai kyan gani, ya ce ai wannan shirka ce, ya za a yi a sa tukwanen tsafi kusa da inda ka rubuta sunan Allah, yara su riƙa ji suna haddacewa? Na karɓi hujjar hannu bibbiyu. Amma ni na san ba kishin addini ne ya tayar mini da hankali ba. Da kishin addini ne, me ya hana in je in same shi in ce, Bawa, ban yarda da wannan ba, zo mu yi magana? Ba gyara a gefen shafi aka koya mini ba?

Kwanaki kaɗan bayan haka na je rumfarsa da rana, kamar yadda na saba, muna shan inuwa yana aiki a kwamfutarsa a kan benci. Rahila a lokacin tana Shanga gidan surukanta, ta haihu tana wankan jego. Sai wani mai jirgi ya zo ya ce a zo a gwada injin da aka gyara masa. Bawa ya miƙe ya goge hannu ya ce, “Alaramma, tsare mini shago. In ɓarawo ya zo ka yi masa wa'azi har in dawo.” Ya bar kwamfutar a buɗe. Ina jin ƙarar injin tana nisa a kan ruwa. Na jawo kwamfutar gabana. Na goge reshen daga cikinta, na goge shi daga ma'ajiya. Har ta tambaye ni ko na tabbata, don aikin ba a haɗe shi da uwa ba tukuna, zai ɓace. Na'ura ta yi mini nasiha, ban ji ba. Na danna. Kuma don me ban yi daga tawa kwamfutar ba, tunda ina da izini? Don na san tsarin yana rubuta suna. Kun ga ke nan ba fushi ba ne, ba kuskure ba ne, da hankalina na yi. Da ya dawo ya tarar da ni ina jan carbi. Ya saya mini soyayyen kifi a hanya, na ci.

Na ɗauka zai gane da wuri, ya yi faɗa, a ce na'ura ce ta yi shirme, a wuce wurin. Ban san halin tsufa ba, ko in ce na manta ina cikinsa. Da Bawa ya nemi reshen bai gani ba, kunya ta hana shi faɗa wa kowa, ya ɗauka shi ne ya danna wani abu. Bai so ya tayar wa mai jego hankali. Ya yi ta lalube shi kaɗai, da ya gaji ya kai kwamfutar wurin wani mai gyara a kasuwa, shi kuma ya wanke ta tas ya zuba mata sabon tsari. Da Rahila ta dawo ta ji, ta ɗora hannu a ka. Ta ce da an faɗa mata tun farko da ta dawo da shi cikin sauƙi, don abin da aka goge yakan bar sawu na ɗan lokaci, a kwamfutar da kuma ma'ajiyar. Yanzu kwamfuta an wanke, lokacin ma'ajiya kuma ya wuce. Ta duba tarihin aikin a gabanmu, ina zaune. Ga shi a rubuce, ranar kaza an goge reshe, da sunan ubanta.

Bawa ya ce, “Ni? Ni na yi?”

Ta ce, “Baba, ba komi, kowa na kuskure.”

Ya ce, “A'a, ɗiyata, kuskure daban. In mutum ya yi kuskure yana tunawa. Ni ban tuna ba. Ko kaɗan ban tuna ba.”

Sai ta juyo ta ce, “Akwai hanya guda. In akwai wanda ya taɓa jawo reshen Baba zuwa kwamfutarsa, to komai na nan a wurinsa, har muryar Inna Delu.” Ta tambayi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce Baba ya hana a leƙa, ba su leƙa ba. Ta dube ni ta ce, “Baba Malam, kai fa? Ko da wasa?” Kafin in buɗe baki Bawa ya ce, “Haba Rahila, Alaramma ne fa. In an ce masa kada ya taɓa, ko zuma ce ba ya lasa.” Na ce mata, “Ban jawo ba.” Da bakin da nake karanta Alƙur'ani na faɗa.

Tun daga ranar Bawa ya fara rushewa a gaban idona. Mutumin da ke gane ciwon inji da kunne, yanzu sai ya ɗaure ƙusa ya kwance ya sake ɗaurewa, yana tambayar mai jirgi, “Na sa mai kuwa? Ka ga na sa?” In ya ajiye tabarau ya neme shi, abin da dukanmu muke yi kullum, sai ya zauna ya yi tagumi ya ce ga shi nan, ya fara. Uban su Bawa ya yi ruɗewar tsufa kafin ya rasu, har yana fita ba riga yana neman hanyar gungun da ruwa ya ci, wannan ne abin da Bawa ya fi tsoro a duniya, kuma ni na sani. Ya daina taɓa kwamfuta. Ya fara mayar da aiki, yana cewa a kai wa wani, kada ya kashe mutane a tsakiyar ruwa. Ya rame. 'Ya'yansa sun kai shi asibiti, likita ya ce bai ga wani abin tsoro ba, a dai riƙa lura da shi. Bawa ya ce likita yaro ne, shi ya san abin da ya gani da sunansa a rubuce. Yanzu sun yanke shawara in an gama girbin shinkafa zai rufe rumfa ya koma wurin babban ɗansa a Kontagora, inda za a sa masa ido. Bawa a Kontagora! Mutumin da tunda aka haife shi bai taɓa kwana inda ba ya jin ƙamshin ruwa ba. Kifi ne za a ɗora a tudu, kuma ni na jefa ƙugiyar.

Wani yammaci bayan la'asar muna zaune a rumfar, babu aiki, muna kallon jirage na dawowa daga cin kasuwa, sai ya ce, “Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ruwa ya ci gungu, munka ce gwamnati ce. Wannan karon wa za mu ce? Ni na nutsar da Yaya da hannuna.” Na ce masa ya bar faɗin haka, ƙaddara ce. Ya ce, “Kuma kai na yi wa aikin, Alaramma. Na san ba ka son a taɓo maganar tsohon nan, kakanka. Ban taɓa ce maka komi ba, ko na taɓa? Amma da ta gama waƙa ta bar maka saƙo da Hausa, ta kira ka da sunan da muke kiranka a gungu. Na so ka ji daga bakinta. In ni na faɗa za ka ce wasan Fasto ne.” Na ce me ta ce? Ya girgiza kai ya ce, “Da wannan kan nawa? Sai in ɓata mata magana. Bar shi ya tafi da ita.”

Na koma gida kai tsaye. Na rufe ƙofar ɗaki, na buɗe kwamfutata, na tuƙa kwalekwalen, na tsaya gindin tsamiya, wannan karon na bari ta ƙarasa. Ta gama waƙar, ta yi tari, na ji muryar Bawa yana ce mata ta sha ruwa. Sai ta kira sunana na yarinta, wanda rabon da in ji shi tun rasuwar innata. Ta ce wa Bawa, “Ka faɗa masa ba ubansa ne ya kai shi makaranta ba, tsoho ne. Ubansa ma tsoro yake ji. Da anka ce ruwa zai zo, tsoho ya ce, nawa yana gindin itace, ba ya ɗaukuwa, a ba yaro abin da zai iya hayewa da shi a ka. Shi ya sa shi a jirgi da kansa, ni na riƙe masa ƙullin kayansa har Yelwa. Ya durƙusa wa malamin, tsoho da shi, ya ce ga amana.” Ta ɗan yi dariya ta ce, “Ka ce masa in yana addu'o'insa na safe ya riƙa tunawa da wanda ya tuƙa jirgin.”

Jama'a, na tuna. Wallahi na tuna. Hannu mai kaushi a kan kafaɗata, warin kifi da taba, wani tsoho yana gyara mini hula a ƙofar zaure. Shekara da shekaru ina ba da wannan labari ina cewa mahaifina ne, har ni kaina na yarda. Duk harafin da na taɓa rubutawa, duk yaron da na koya wa Fatiha, ta hannun mutumin da nake jin kunyar sunansa suka biyo. Ban ce abin da yake yi a gindin tsamiya daidai ne ba, har gobe ban yarda da shi ba, hisabinsa na wurin Ubangijinsa. Amma shi ya haye da ni, ni kuma na kankare shi. Na kankare Yaya Delu da ta goya ni. Na ɗora laifin a kan mutumin da ya rufa mini asiri tun muna samari.

Na san wasunku za su ce abin ai mai sauƙi ne, ka tura reshen ma'ajiya ka ce ka tsince shi. Na yi wannan tunani har na gaji. Rahila ta ce ko daga ina aka dawo da shi zai dawo cif, da sunan ubanta a kan kowane gini. Zan iya cewa ashe na taɓa jawowa na manta. Muryar za ta dawo, Bawa zai yi murna. Amma tarihin zai ci gaba da cewa shi ya goge, shi kuma zai ci gaba da yarda kansa ya taɓu, motar Kontagora ba za ta fasa zuwa ba. Ba muryar kaɗai na sace masa ba, na sace masa yarda da hankalinsa, wannan kuwa ba ta dawowa sai na ce, Bawa, ni ne, da hannuna, ranar da ka ce in tsare maka shago. In na faɗa, da wane ido zai dube ni? Rahila da ke kirana Baba Malam fa? 'Ya'yansa da suka yi ta jigilar asibiti? Wasu ma za su mayar da abin na addini, su ce ga abin da Musulmi ya yi wa amininsa Kirista, alhali addinina bai sa ni ba, shi ne ma ya hana ni. Sannan 'ya'yana za su ji waƙar, su ji sunan kakan ubansu, su gane uban da ke yi musu faɗa a kan ƙarya ya gina gidansa a kanta. Na yi istigfari har harshena ya gaji, amma ni na koyar da yara cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Ya zai yafe abin da bai san an yi masa ba?

Abin da ya sa na rubuto muku yau shi ne wannan. Jiya da hantsi Bawa ya zo gidana a kan acaba, abin da bai saba ba, ni nake zuwa wurinsa. Ya zauna a kan tabarma, ya yi ta juya hularsa a hannu. Can ya ce, “Alaramma, wata alfarma na zo nema, amma kada ka yi mini dariya, kuma kada fastonmu ya ji.” Na ce faɗi. Ya ce, “Rubutun nan da kake yi wa yara masu jarrabawa, na kaifin ƙwaƙwalwa. Ka yi mini in sha. Ban san ko yana kama Kirista ba.” Ya yi dariya, idonsa na zubar da hawaye. Ya ce, “Ba don komi ba, ina tsoron in je Kontagora in manta hanyar gida. In manta ka. Hannunka na yarda da shi, duk garin nan ba hannun da na yarda da shi kamar naka.” Na ce masa ya dawo jibi.

An fara yankan shinkafa a fadama. Allon yana gabana na wanke shi, tawada na nan, alƙalami na nan, na kasa ɗora ko ɗigo. Kwamfutar tana gefe, Yaya Delu na ciki tana jira a gindin tsamiya. Maganin da ya zo nema yana wurina, amma ba a allo yake ba, a bakina yake, kuma in na ba shi wataƙila shi ne ƙarshen zamana da shi a duniya. Gobe zai zo da ƙoƙonsa.

Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma sa ni a addu'a. Me zan yi?